Bashin Karatu: Malamin Ƙauye Za a Fara Kamawa

Tun ranar 24 ga Mayu 2024 da asusun ba ɗalibai lamuni na ƙasa, NELFUND, ya buɗe shafinsa na intanet, hirar da ake yi a kansa kusan duk ta karɓa ce. Wa ya cike, wa aka amince wa, wace makaranta ce kuɗinta ya shiga, yaushe alawus ɗin naira dubu 20 na wannan wata zai faɗo. Ba abin mamaki ba ne, domin shirin ya zo ne a daidai lokacin da jami'o'i irin su Bayero da ta Maiduguri suka ƙara kuɗin rajista, iyaye kuma suna fama da tsadar da ta biyo bayan cire tallafin fetur. Yaran da da sun ajiye karatu sun koma aji, kuma wannan alheri ne da babu mai musunsa. Sai dai sunan abin bashi, kuma kowane bashi yana da ranar biya. Ɗalibin da ya karɓa a ajin ƙarshe a 2024, ya tafi yi wa ƙasa hidima a 2025, ya gama a 2026, zuwa 2028 za a fara taɓa albashinsa. Ra'ayina shi ne, yadda aka tsara biyan a yanzu, nauyinsa zai fi sauka a kan mutanen da ƙasar nan ta fi buƙata, wato malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da ungozoma, kuma ya kamata Majalisar Tarayya ta gyara dokar tun yanzu, ta sa a riƙa yafe bashin ga wanda ya biya shi da aiki a inda kowa ke gudu.

Mu fara da abin da dokar ta tanada. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan ta farko a watan Yunin 2023, amma ta zo da sharuɗɗan da suka kusa hana ta motsi: sai gidan da abin da yake samu a shekara bai kai naira dubu 500 ba, sai an kawo masu tsayawa mutum biyu daga cikin manyan ma'aikata ko lauyoyi, ga barazanar ɗauri ga wanda ya kasa biya. Aka soke ta, aka sake wata wadda ya sa wa hannu ranar 3 ga Afrilu 2024. Sabuwar ta cire batun masu tsayawa da ma'aunin abin da gida ke samu. Bashin babu kuɗin ruwa a kansa, abin da ya sa iyaye Musulmi suka bar 'ya'yansu su karɓa da kwanciyar hankali. Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Mai albashi, wanda ya ɗauke shi aiki zai riƙa cire kashi 10 cikin ɗari yana turawa asusun. Mai sana'ar kansa shi ma kashi 10 na abin da yake samu ake so ya riƙa kaiwa. Wanda bai sami aiki ba yana iya neman a ɗaga masa ƙafa. Yafiya kuwa an keɓe ta ga wanda ya rasu ko wanda wata ƙaddara ta hana shi iya biya. Idan aka gwada da dokar farko, wannan ci gaba ne sosai. Amma ba a ce komai ba game da irin aikin da mutum yake yi, ko wurin da yake yin sa, ko kuma ƙanƙantar albashin da za a yanka.

A nan ne matsalar take, kuma sai an dubi yadda 'yan Najeriya ke neman abinci kafin a gan ta. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a ƙasar nan ba su cikin tsarin albashi na hukuma. Mai digiri da ya buɗe shago a Kantin Kwari, da wanda ke sayar da waya a kasuwar Farm Centre, da wadda ke ɗinki a gida tana tallata kayanta a WhatsApp, babu ofishin da ke riƙe da lissafin ribarsu. Wanda ya tsallaka Ingila ko Saudiyya ko Kanada da takardar likitanci, shi ma ya fita daga inda hannun mai cirewa ke kaiwa, sai dai in ya ga dama ya aiko. To wa ya rage? Wanda sunansa ke cikin jadawalin albashi, musamman na gwamnati, wanda kuɗinsa ke bi ta hannun akanta kafin ya iso gare shi. Malamin firamare da ke ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da ma'aikacin lafiya a asibitin sha-ka-tafi na ƙaramar hukuma, su ne ba su da wurin ɓuya. Ranar da aka fara cirewa, nasu zai fita cif, kowane wata, ba jinkiri. Ke nan tsarin da aka yi da niyyar adalci zai koma wani irin haraji a kan wanda ya zauna gida ya yi wa jama'a aiki, alhali wanda ya tafi da wanda ba a san abin da yake samu ba suna biya ne gwargwadon imaninsu.

A yi lissafi da misali. A ce ɗalibi ya karɓi naira dubu 150 kuɗin makaranta a kowace shekara, ya kuma karɓi dubu 20 duk wata, shekara huɗu. Bashinsa ya kama naira miliyan ɗaya da dubu 560. Idan ya sami aikin banki ko kamfanin sadarwa mai albashin dubu 500, za a riƙa cire masa dubu 50, kuma kafin shekara uku ya fita. Idan kuwa koyarwa ya samu a kan mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, dubu bakwai za a riƙa cirewa, kuma in albashin bai motsa ba zai haura shekara 18 yana biya. Wani zai ce ai dubu bakwai ba wani abu ba ne. Wanda ya faɗi haka bai dubi yadda dubu 70 ke ƙarewa ba. Mutum ne da zai hau babur ko ya tari a-kori-kura ya bi hanyar da damina ta cinye kafin ya isa makarantar, ya sayi alli da kuɗinsa wani lokaci, ya ciyar da iyali, ya kuma taimaki iyayen da suka zuba masa ido tun ranar da ya sa rigar kammala karatu. A irin wannan aljihu, dubu bakwai kuɗin cefanen kwanaki ne. Kashi 10 na mai ƙaramin albashi daga tukunya ake ɗebo shi. Na mai babban albashi daga abin da zai adana ne.

Gwamnati da kanta ta riga ta yarda da wannan hujja a wani wuri. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025 ta ce naira dubu 800 na farko da mutum ya samu a shekara ba a karɓar harajin samu a kansu, saboda an gane cewa abin da ke ƙasa da haka na rufin asiri ne kawai. Da wane dalili za a ce kuɗin da ya yi ƙanƙanta a cire masa haraji bai yi ƙanƙanta a cire masa bashi ba? Ƙasashen da suka daɗe da irin wannan tsari duk sun sa iyaka. Ostareliya, wadda ta fara haɗa biyan bashin karatu da abin da mutum ke samu a 1989, ba ta taɓa ko sisin wanda samunsa bai kai wani mataki ba. A Ingila kashi 9 cikin ɗari ake cirewa, amma daga abin da ya haura iyakar da aka sa, ba daga dukkan albashi ba, kuma bayan shekara 30 ko 40, gwargwadon lokacin da mutum ya shiga jami'a, sauran bashin a shafe shi ake yi. Wannan gyara ne mai sauƙi, layi biyu a cikin doka sun isa.

Babban gyaran da nake kira a yi shi ne na yafiya ta hanyar aiki, kuma hujjarsa tana cikin ajujuwa da ɗakunan haihuwa na karkara. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana cewa yaran Najeriya da ba su zuwa makaranta sun haura miliyan goma, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Waɗanda ke zuwa ma, sau da yawa suna tarar da malami ɗaya a kan yara fiye da ɗari, ko makaranta mai aji shida da malamai biyu. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, fiye da dubu 21 suka faɗi; ko me mutum zai ce game da yadda aka sallame su, abin ya nuna irin waɗanda aka bar wa aikin bayan masu ƙwazo sun nufi wasu wurare. A 2024 Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. A ɓangaren lafiya, Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa da bakinsa cewa likitoci kimanin dubu 16 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun baya, kuma waɗanda suka rage yawancinsu suna Legas da Abuja da manyan birane. Duk wanda ya san ƙauye ya san hoton: ɗan asibiti mai ɗaki uku, an shafe shi da fenti, allon sunan ɗan majalisar da ya gina shi na nan a ƙofa, amma ƙarfe biyu na rana an rufe, mace mai naƙuda kuma sai a ɗora ta a babur a nufi gari cikin dare. Gini ba ya karɓar haihuwa. Ana buƙatar mutum ya yarda ya zauna a wurin, ya kwana, ya wayi gari.

An gwada tilas, ko an yi yunƙurinsa. A 2023 wani ƙuduri na ɗan majalisa Ganiyu Johnson ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai, yana neman a hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a gida. Ƙungiyoyin likitoci suka yi ca a kansa, kuma suna da gaskiya, domin wanda aka ɗaure da igiya idonsa a kan ƙofa yake. An kuma gwada alkawari. Ranar Malamai ta Duniya ta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa malamai albishir da albashi na musamman da alawus na masu aiki a karkara. Abin da ya tabbata a doka shi ne ƙarin shekarun ritaya zuwa 65, sauran kuwa yawancin malamai har yau jiransa suke yi. Shirin tura ungozomomi karkara da aka fara a 2009 ya yi tasiri da farko, sai ya raunana saboda an raba biyan alawus tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, jihohi da ƙananan hukumomi da dama suka riƙa saɓa nasu kason. Yafe bashi ya bambanta da waɗannan duka ta fuska ɗaya mai muhimmanci: ba ya buƙatar wani ya fitar da kuɗi ya miƙa wa ma'aikaci a ƙarshen wata. Kuɗin tun yana ɗalibi ya shiga hannunsa. Abin da ya rage shi ne a rage lamba a littafin asusu, kuma wannan alkawari ne da ya fi sauƙin cikawa a ƙasar da aka saba jin "ba a saki kuɗin ba tukuna".

Tsarin da nake gani ya dace shi ne a fitar da jerin makarantu da cibiyoyin lafiya da ke fama da rashin ma'aikata, a buga shi kowa ya gani, a riƙa sabunta shi. Duk mai bashin NELFUND da ya yi rajista da hukumar sana'arsa, ta malamai ko ta likitoci ko ta ma'aikatan jinya da ungozomomi, ya kama aiki a ɗaya daga cikin wuraren nan, a dakatar da cire masa kashi 10, sannan duk shekarar da ya cika a shafe kashi ɗaya cikin biyar na bashinsa. Ya yi biyar, ya fita fes. Ya yi biyu ya bari, ya ci ladan biyun, ya ci gaba da biyan sauran kamar kowa. Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Afirka ta Kudu tun 2007 take da tallafin Funza Lushaka, inda ɗalibin koyarwa ke biyan kowace shekarar da aka ɗauki nauyinsa da shekara guda ta koyarwa a makarantar gwamnati, in ya ƙi tallafin ya koma bashi. Ostareliya tana shafe bashin malamin da ya yi shekara huɗu a makarantun can ƙuryar daji. Amurka tana rage wa malamin da ya yi shekara biyar a makarantar unguwar talakawa har dala 17,500 idan lissafi ko kimiyya ko ilimin masu buƙata ta musamman yake koyarwa. Mu ma a nan, jihohin Arewa sun daɗe suna ɗaukar nauyin ɗaliban likitanci bisa yarjejeniyar su dawo su yi wa jiha aiki, don haka tunanin ba baƙo ba ne gare mu.

Dalilin da ya sa na nace a kan a riƙa shafewa shekara-shekara, darasi ne daga Amurka. A 2007, zamanin George W. Bush, aka yi dokar yafe bashin ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyin agaji bayan sun yi biya 120, wato shekara goma. Mutane suka tsara rayuwarsu a kan wannan alkawari, suka karɓi aiki mai ƙaramin albashi. Da wa'adin rukunin farko ya cika a ƙarshen 2017, kusan kashi 99 cikin ɗari na masu nema aka mayar da su. Wani aka ce nau'in bashinsa ba ya ciki, wani tsarin biyan da kamfanin da ke karɓa ya ɗora shi a kai ba shi ne daidai ba, wani takarda ce ta ɓace, kuma babu wanda ya gaya musu sai bayan shekara goma. Sai da gwamnatin Joe Biden ta sassauta ƙa'idojin daga 2021, sannan waɗanda suka amfana suka haura miliyan ɗaya a 2024. Idan haka ta faru a ƙasar da ake taƙama da adana bayanai, a yi tunanin abin da zai sami malamar da ta yi shekara biyar a wani ƙauye, ta zo neman haƙƙinta aka ce fayil ɗinta ba a gan shi ba, shugaban makarantar da ya san ta ya yi ritaya, sakataren ilimi kuma an sauya shi. In ana ragewa duk shekara, tana ganin lambar tana sauka a wayarta, kuskure zai fito da wuri, kuma abin da za ta yi asara in an zalunce ta bai wuce na shekara ɗaya ba.

Suka mafi nauyi da za a yi wa wannan shawara ita ce asusun zai ƙafe. An yi shi ne don kuɗi ya riƙa juyawa, na baya su biya na gaba su karɓa, kuma tarihinmu a nan ba mai daɗi ba ne: hukumar ba ɗalibai bashi da aka kafa a 1972 zamanin Janar Yakubu Gowon ta durƙushe ne musamman saboda kuɗin da aka bayar bai dawo ba. Wannan tsoro na gaskiya ne. Amma a dubi yadda bashi marar ruwa ke tafiya a ƙasar da farashi ke gudu. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ko da ta tsaya a kashi 20 a shekara, naira dubu ɗari ta yau bayan shekara biyar abin da za ta saya kimanin na dubu 40 ne kawai. Ɗan aji ɗaya kuwa sai ya yi shekara bakwai kafin ya fara biya, malaminmu na ɗazu kuma ya ƙara wasu 18 a kai. Dubu bakwai ɗin da za a karɓa daga hannunsa a shekarun ƙarshe da ƙyar za ta sayi abin da dubu ɗaya ke saye yau. Ma'ana, ana yafe babban kaso na bashin nan tun yanzu, a ɓoye, ga kowa da kowa, har da wanda ya fi kowa iya biya. Abin da asusun zai rasa idan ya yafe wa malamin karkara ya yi ƙasa ƙwarai da lambar da ke rubuce a takarda, abin da ƙasa za ta samu kuwa shekara biyar ce ta ƙwararren malami a ajin da da babu kowa. Sannan ba dole ba ne asusun ya ɗauki asarar shi kaɗai. Doka ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, Dokar Lafiya ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi ɗaya don lafiya a matakin farko, ga biliyoyin tallafin ilimi da ke kwance saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba. Daga nan za a iya biyan NELFUND abin da ya shafe, kuɗi ya fita daga wannan aljihu na gwamnati ya shiga wancan, ba tare da ya bi ta hannun da zai maƙale ba.

Akwai masu cewa yafiya za ta ƙara wa mutane tunanin cewa kuɗin gwamnati rabo ne, ba bashi ba. Suna da abin nunawa: shirin bai wa manoma lamuni na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya raba fiye da naira tiriliyan ɗaya, kuma kaso mai yawa bai dawo ba. Sai dai abin da ya lalata wancan shiri shi ne rashin ƙa'ida bayyananniya, kowa yana jiran siyasa ta zo ta share masa. Yafiyar da aka rubuta sharaɗinta tun farko akasin haka take koyarwa. Tana cewa wannan bashi ne, kuma hanyar fita biyu ce, ko kuɗi ko gumi. Wanda ya yi shekara biyar yana koyar da lissafi a garin da babu lantarki ba kyauta aka yi masa ba, ya biya. Kuma gwamnatin da ta buɗe wannan ƙofa ta fi samun bakin matsa wa wanda ke da hali ya ƙi biya, har ta bi sawun na ƙasashen waje ta hanyar lambar BVN da ta NIN.

Batun maguɗi kuwa, babu amfanin a yi kamar ba zai faru ba. Ƙasar da ta san ma'aikatan bogi za ta san malaman karkara na bogi, masu suna a ƙauye jiki a birni, kamar yadda wasu masu hidimar ƙasa ke shirya da shugaban wurin aiki su riƙa zuwa sa hannu sau ɗaya a wata. Maganinsa shi ne kada shaidar ta tsaya a takarda ɗaya da sa hannun mutum ɗaya. A haɗa jadawalin albashi da rajistar hukumar sana'a da bayanan asusun, a liƙa sunayen masu cin gajiyar shirin a bangon makarantar ko asibitin, a ba kwamitin iyaye da mai unguwa damar cewa wane ba mu taɓa ganinsa ba. Mutanen ƙauye sun san wanda ke zuwa da wanda ba ya zuwa fiye da kowane mai duba makarantu. Dokar 2024 ta riga ta tanadi ɗauri ga wanda ya yi wa asusun ƙarya, sai a faɗaɗa shi ya haɗa da jami'in da ya sa hannu a kan ƙaryar.

Wata tambayar ta adalci ce: me ya sa malami da ma'aikacin lafiya kawai, ban da injiniya ko malamin gona, kuma me ya sa manomin da ɗansa bai taɓa shiga jami'a ba zai ɗauki nauyin yafe wa mai digiri? Ta farko amsarta ita ce a fara da inda giɓin ya fi faɗi kuma aka fi iya tantancewa. In tsarin ya zauna, likitan dabbobi da malamin gona suna iya shiga. Ta biyu kuwa ita ce ma ta fi ƙarfafa hujjar. Manomin nan da kuɗin harajinsa ake ba da bashin tun asali, kuma a yadda abin yake yanzu babu abin da ke komowa gare shi, domin mai digirin birni zai nufa. Ta wannan hanya ce kaɗai bashin da aka ba ɗan wani zai dawo ƙofar gidansa, a siffar malamin da zai koya wa 'yarsa karatu da ungozomar da za ta tsaya a kan matarsa.

Inda na yarda da masu suka ba tare da ja ba shi ne cewa yafe bashi ba ya maye gurbin albashi. Malaman firamare na Abuja sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan mafi ƙarancin albashi, a babban birnin ƙasa ke nan, balle ƙananan hukumomin da babu ɗan jarida kusa. Mutumin da ba a biya shi wata uku ba, ko wanda 'yan bindiga suka hana shi kwana a garin da aka tura shi, labarin an rage masa bashi ba zai riƙe shi ba. Haka nan shirin ba zai yi aiki ba idan jihohi ba su ɗauki ma'aikata ba, ga masu takardar NCE da na kwalejojin lafiya zaune a gida shekara da shekaru. Saboda haka sai a ɗaure jihar da ke son a sa makarantunta a jerin da sharaɗi: ta buɗe gurabe na dindindin, ta kuma nuna tana biya a kan kari. Jihar da ta saɓa a cire ta daga jerin shekara mai zuwa, amma ma'aikacin da ya riga ya fara a bar masa haƙƙinsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗaliban da ke kwalejojin ilimi da makarantun jinya da jami'o'i yanzu suna yanke shawarar inda za su nufa tun kafin su karɓi sakamako, wasu har sun fara tara kuɗin jarrabawar Turanci ta fita waje. Idan sai 2028 za a fara tunanin wannan gyara, rukunin farko sun riga sun watse, kuma za a yi shi ne cikin hayaniyar masu kukan an yanke musu albashi. Kwamitocin ilimi mai zurfi na Majalisar Dattawa da ta Wakilai su ne ke da ikon buɗe dokar 2024 su ƙara sassa biyu, na iyakar albashin da ba a taɓawa da na yafiya ta hanyar aiki. Gwamnonin Arewa, waɗanda jihohinsu ke da ɗalibai masu yawa a cikin masu karɓar lamunin kuma suka fi kowa ƙarancin malamai da ma'aikatan lafiya, su ya kamata su kai maganar gaban Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, tare da jerin makarantu da asibitocin da za su fara sawa a ciki.